Ranar da Muka Kai wa Minista Kilishi

Matso kusa, 'yar'uwa, ki rage murya. Bangon gidajen nan na Catford ba shi da kauri, kuma wadda zan ba ki labarinta tana bayan wannan da na jingina da shi. Ba ta jin Hausa, amma duk da haka bakina ba ya iya ɗaga murya a kan maganarta. Maƙwabciyata ce tun ranar da na sauka London, kuma yau an doshi shekara ban taka ɗakinta ba. Ba faɗa muka yi ba. Kunya ce ta hana ni.

Ni dai ba 'yar boko ba ce. Firamare na yi a Kano, sai Islamiyya. Maigidana ne ya zo karatun harhaɗa magani, ya samu aiki, ya ɗauko ni. Turancina na kasuwar Lewisham ne da na gaban likita, amma ina ji sarai, kuma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Da na fara ganinta da sari da jan ɗigo a goshi, sai na ce Ba'indiya ce irin ta fim. Ashe ko hanyar Indiya ba ta sani ba. Kakanninta aka kwasa tun zamanin Turawa aka kai wani tsibiri a tsakiyar teku noman rake, a can aka haife ta, a can ta yi aure, sannan suka zo nan da mijinta da 'yarsu guda ɗaya. Addininsu Hindu. Ta girme ni sosai, don haka Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini sista.

A satin farko ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da faranti a hannu. Na karɓa, na yi godiya, amma na tsaya ina juya shi. Na riga na hango ta taga akwai wata 'yar kusurwa a falonta mai hotuna da furanni da fitilar mai, inda take ajiye abinci kafin a ci. Da guntun Turancina da nuni da hannu na gaya mata gaskiya, na ce addinina bai yarda in ci abin da aka miƙa wa wani ba Allah ba. Na ɗauka za ta ji haushi. Sai ta yi dariya ta dafa kafaɗata. Tun daga ranar, duk abin da ta dafa, nawa take fara ɗebewa ta rufe a gefe kafin ta kai sauran kusurwar. Ban taɓa tambaya ba, ita ke cewa, "Sista, naki bai je ko'ina ba."

Ni ma na koyi nata. Nama ba ya shiga gidanta, ko kifi, ko ƙwai. Saniya kuwa a wurinsu kamar uwa ce, tun da ita ke shayar da mutane. Da Babbar Sallah in ina suya, tagar kicin ta ɓangarenta nake rufewa ko da hayaƙi zai kashe ni. Rabon Sallarta masa ce da alkaki. Ta ce suna da irin masar nan a garinsu, sai dai tasu ba ta kai tawa tsami ba. Haka muka zauna, yarana suka girma suna shiga gidanta kamar na kakarsu.

'Yar tata ita ce maganar. Lokacin da na zo tana sakandare, siririya, da kitso ɗaya har gadon baya, ga baki. In ubanta ya ce ɗaya sai ta ce biyu, kuma da hujja. Ta yi karatun lauya can wajen Bloomsbury, amma tun ba ta gama ba siyasa ta shige ta. Ranar Asabar sai ki gan ta a bakin kasuwar Lewisham, tsakanin mai kifi da mai doya, tana raba takardu cikin ruwan sama, wasu su karɓa, wasu su zage ta su ce ta koma ƙasarsu. Ta tsaya takarar kansila ta faɗi. Na shiga yi wa Mama jaje, na tarar da yarinyar zaune a ƙasa tana cin shinkafa da hannu tana lissafin titunan da ba ta shiga ba. Zaɓe na gaba ta ci.

Ni na san amfanin kansilancinta. Ɗakin yarana ya yi shekaru bangonsa na tsatsafo da ruwa, baƙin danshi ya cinye kusurwa, ƙaramar tawa kullum tari. Mun kai ƙara council, hukumar unguwarmu, har mun gaji. Ita ce ta shigo da takalmin ruwanta, ta sa yatsa ta dangwali bangon, ta ce, "Anti, wannan ba ɗaki ba ne, rijiya ce." Ba mu kaɗai ba, duk layin ta bi, kuma sai da aka gyara.

Da ubanta ya rasu, maigidana ne ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti, a hannunsa ma ya cika. Tun daga nan Mama ba ta kiransa sai ɗana. Suka yi masa irin tasu jana'izar ta ƙona gawa, wadda ni har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, amma ban taɓa nuna mata ba. Yarinyar ta ɗauki tokar ta kai tsibirinsu, da niyyar sati kaɗan. Ba ta dawo zama ba. Ta ce ta ga gidajen da dangin ubanta ke kwana a ciki, ta kasa hawa jirgi. Ta shiga jam'iyya a can, suka yi mata gorin cewa 'yar London ce, ba ta san zafin rana ba. Ta ci kujerar majalisa, ta yi shekaru a ɓangaren adawa tana ta surutu kamar yadda ta saba. Da jam'iyyarsu ta karɓi mulki aka ba ta ƙaramar minista, daga baya kuma aka ɗaga ta zuwa cikakkiyar ministar ayyuka da gidaje, cikin waɗanda ke zama teburi ɗaya da shugaban gwamnati.

Rantsuwar a wayar Mama muka kalla, mun haɗa kai kamar masu tsintar shinkafa. Ta ɗora hannu a kan littafinsu, ta gama, ta sauko ta durƙusa ta taɓa ƙafar wata tsohuwa, yayar ubanta. Mama kuwa gefen sarinta kawai take murzawa. Ni ce na miƙe na rangaɗa guɗa har karen gidan gaba ya kama haushi. Mama ta toshe kunne tana dariya tana hawaye, ta ce, "Sista, za ki sa a kira mana 'yan sanda."

To, bara ne abin ya faru. Mama ta kira ni kicin ta rufe ƙofa, ta ce 'yarta za ta zo a ɓoye. Akwai addu'ar da suke yi wa mamaci duk shekara a ranar da ya rasu, kuma tun da ta zama minista ba ta samu halarta ba. Wannan karon ta ce ko me za a yi sai ta zo. Za ta sauka da safe, a yi addu'a, ta koma da yamma, ba rakiya, ba 'yan jarida, ko ofishin jakadancinsu ba a gaya wa ba. Mama ta ce in zo in taya ta murza gurasa don hannunta ya fara ciwo. Ta ce, "Ke kaɗai na gaya wa."

Ke ma kin san mace ba ta yini a waje ba ta gaya wa mijinta inda take ba. Na gaya masa, na ce don Allah ya tsaya a tsakaninmu. Ya ce, "Haba Hajiya, ni yaro ne?"

Ranar Asabar tun da hantsi ina kicin ɗin Mama, hannuna duk gari. Minista ta iso a tasi da 'yar jaka ɗaya, ta rungume ni, ta ce na ƙara ƙiba, na ce ita kuma mulki ya tsotse ta. Ta yi wanka ta sa farin yadi marar ado, ba takalmi, ba ɗan kunne. Malaminsu ya zo ya zauna a ƙasa a falo gaban hoton marigayi, an rataya wa hoton furanni, ga 'yan ƙwanuka na shinkafa da ruwa da riɗi. Ya fara karatunsu. Ni ina kicin, abin da ya shafe ni gurasa ce.

Sai aka danna ƙararrawa. Mama ta leƙo ta yi mini alama in duba, ta ɗauka mai kawo saƙo ne.

Na buɗe ƙofa na ga manyan riguna sun cika 'yar farfajiyar har bakin titi. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ne a gaba, da hula zanna da sanda, bayansa ma'aji da wasu da nake gani a filin Idi, sai matan da suka sha leshi da gwala-gwalai, turare kamar an fasa shago. Maigidana yana gefe yana kallon takalminsa.

Kin san al'adarmu. In Allah ya ba mutum muƙami, ba a jira gayyata, tawaga ake haɗawa a je a yi masa Allah sanya alheri, kuma ba a zuwa hannu sake. A gida wannan mutunci ne, wanda bai je ba ma shi ake zargi. Kuma kin san abin da ke biyo bayan gaisuwar.

Na tare ƙofa na ce a hankali, "Alhaji, ku yi wa Allah ku koma. Addu'ar mamaci ake yi."

Shugaba ya ce, "To ai ya yi daidai, sai mu haɗa da ta'aziyya. Ka ga Hajiya ma tana ciki, 'yar gida ce. Hajiya, yi mana iso."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar tata fa ko sunanta ba ku iya faɗa ba."

Ma'aji ya ce, "Minista ai minista ce, Hajiya, ko ta ina ce. Can ba a gina titi ne?"

Suka yi dariya. Matar Shugaba ta ture ni da kafaɗa tana cewa, "Ke dai kin cika rowa, shekara da shekaru kina zaune kan arziki ke kaɗai." Kafin in rufe baki sun shige. Wasu sun cire takalmi da suka ga jerin takalma a bakin ƙofa, wasu ba su lura ba.

Malamin ya tsaya da karatu, bakinsa a buɗe. Minista ta ɗago daga inda take durƙushe. Na ga fuskarta ta canza sau ɗaya, kamar an kashe fitila an kunna, sai ga murmushin da nake gani a waya. Ta miƙe ta haɗa tafin hannuwanta ta gaishe su. A wurinsu ma ba a korar baƙo, wannan ne ya cuce su.

Shugaba ya gyara riga ya fara jawabi da Turancin da ya fi ƙarfina. Abin da na tsinta shi ne, wai ita 'yarsu ce, a gabansu ta girma, alhali bai taɓa ganinta ba sai a hoto. Wai Hajiyarmu, ya nuna ni da sanda, ita ce gadar da ta haɗa al'ummomin nan biyu, kuma ita ta ba su wannan dama. Mama tana tsaye a ƙofar kicin. Ta juyo ta dube ni. Wani daga baya ya ɗaga murya da Hausa, "Ranki ya daɗe! Giwar mata! Allah ya ja zamaninki!" Ma'aji ya fara zaro ambulan daga aljihu, wannan na kamfanin ƙaninsa ne mai aikin kwalta, wannan na ɗan wane ne da ke neman gurbin karatun likita.

Duk wannan da sauƙi. Ina can ina neman inda zan sa idona, ban ga lokacin da matar Shugaba ta buɗe jakarta ba. Sai ƙamshi na ji, ƙamshin da na fi kowa sani, yaji da ƙuli da nama. Ta zaro ƙunshin kilishi mai faɗi kamar tabarma, ta warware takardar don a ga kyansa, ta duba inda za ta ajiye, ba ta ga teburi ba sai ɗan benci da ke ƙarƙashin hoton marigayi. Ta ture ƙwanon shinkafar gefe ta shimfiɗa shi a nan. Sannan ta ce da Turanci, da ƙarfi don kowa ya ji, jiya aka sauke shi daga Kano, kuma naman saniya ne zalla, ba haɗi.

'Yar'uwa, ban san yadda zan gaya miki abin da ya biyo baya ba. Malamin ya ja da baya har ya bugi bango. Mama ta sa gefen sarinta ta rufe hanci da baki, ba don ƙyama ba, kuka ne take tarewa. Matar Shugaba ta dube ni ta ce da Hausa, "Me ya faru? Ko ya yi kaɗan ne?"

Minista ce ta motsa. Ta ɗauko tawul daga kan kujera, ta naɗe ƙunshin ba tare da yatsanta ya taɓa shi ba, ta yi wa matar godiya, ta ce ta san daga nesa aka ɗauko. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Anti, ki ajiye mana wannan a gidanki." Muryarta lafiya lau. Na karɓa. Na ratsa ta tsakiyar mutanena da gari a hannu da kilishi a ƙirji, na fita, na zaga 'yar katangar da ta raba mu, na shiga gidana na ajiye a kan firji. Na daɗe tsaye a wurin.

Ta taga na ga yadda ta fito da su waje da dabara, wai haske ya fi kyau don hoto. Ta tsaya ba takalmi a kan siminti mai sanyi, aka yi ta ɗauka. Ambulan kuwa ko ɗaya ba ta karɓa ba. Ta ce a ƙasarsu aikin gwamnati a jarida ake tallarsa, kowa ya nema, kuma in ta sa hannu a aljihun wani ta karɓi takarda, gobe sai ta bar kujera. Ta faɗa tana dariya, su ma suka yi dariya, suka tafi suna cewa ai an fara sabo, sauran sai a hankali.

Bayan sun watse na ɗauki bokiti da tsumma na koma. Malamin ya riga ya ce sai an wanke ɗakin, an sake dafa komai, an faro daga farko. Jirgin minista kuma ba ya jira. Ta keto teku don ta zauna a addu'ar ubanta, ta tafi ba a yi ba. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis tana shiga tasi, ta riƙe hannuna ta ce in kula da Mama.

Mama ta tsaya a ƙofa, ba ta matsa mini in wuce ba. Ta dubi bokitin ta ce za ta iya. Sannan ta ce, "Sista, ke kika kira su?"

Maigidana yana tsaye a ƙofarmu, taku kaɗan tsakani, yana jin komai. In na ce a'a, tambaya ta gaba ita ce to wa, kuma amsar tana tsaye da hula a hannu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ki yi haƙuri, Mama." Ta gyaɗa kai a hankali ta rufe ƙofa.

A gida na yi faɗan da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ya ce shi bai gayyaci kowa ba. Bayan sallar Juma'a ne ana hira, Shugaba yana ta ba da labarin manyan da ya sani, shi kuma baki ya suɓuce masa ya ce ai gobe minista guda za ta yini a jikin bangonsa. Kafin la'asar an haɗa tawaga, ya rasa yadda zai hana.

Na ce, "Kilishin fa? Shekara nawa kana gani ina rufe taga?"

Ya ce, "Wallahi ban san ta ɗauko ba. Da na ji ƙamshin a mota lokacin da na je ɗauko su, na ɗauka na yaranta ne."

Ya zauna bakin gado ya riƙe kai. Can ya ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri. Tsohuwar nan ɗa ta ɗauke ni. Ke mace ce, ku kun san yadda kuke shiryawa." Ban amsa ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin na yarda. Tun daga lokacin duk ranar kwasar shara shi ke fitar mata da bola ya mayar, ya share mata ganye, ta leƙo ta ce na gode ɗana. Ni kuwa in mun haɗu sai ta ce ina kwana, in ce ina kwana, ta tambayi yara, in ce lafiya. Ko sau ɗaya ba ta ɗaure mini fuska ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Watannin baya aka yi zaɓe a tsibirin, jam'iyyarsu ta faɗi. Ita ta tsira da kujerarta ta majalisa, amma ministanci ya tafi, ta koma ɓangaren adawa inda ta fito. Na ga guntun jawabinta na barin ofis a wayar 'yata, ta ce gidajen da ba ta gama ba tana nan tana ƙirga su, kuma za ta tambayi wanda ya gaje ta kullum. A zauren hirarmu na mata a waya, matar Shugaba ta rubuta, "Allah ya so mu, da har Alhaji zai yi booking ɗin jirgi." Aka yi ta turo fuskokin dariya. Ba wanda ya ce a haɗa tawaga a je jaje. Na kashe wayar na kifa ta.

Yanzu da ta samu sarari ta ce ba za ta ƙara barin uwarta ita kaɗai cikin sanyin nan ba. An kafa allon sayarwa a ƙofar gidan. Kwana biyun nan ina jin ƙarar salatif ana ɗaure kwalaye, ina jin tana jan abu mai nauyi ta tsaya ta huta, da wannan hannun nata mai ciwo. Ƙarshen wata za a zo a ɗauke ta, kuma a shekarunta na san ba dawowa za ta yi ba.

Jiya na sa mayafi har na kai bakin ƙofarta, na dawo. In na shiga na gaya mata yadda aka yi, na wanke kaina, amma na kwance wa uban 'ya'yana zani a gaban matar da ke kiransa ɗa, bayan ya roƙe ni, kuma ita ma na raba ta da ɗan da take ganin ta bari a London. In na yi shiru, za ta hau jirgi tana ganin ni ce na sayar da ranar mijinta don a ɗauke ni hoto da minista. Ke da ke ce, 'yar'uwa, da wanne za ki bar ta ta tafi?